Katin Asibitin Tsoho: Caca Ce Ko Amana?

Duk wanda aka haifa a shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, a 2026 yake cika shekara sittin. A lissafin gwamnati ya shiga sahun tsofaffi ke nan, ko da har yanzu shi ke riƙe da garmar shanu a gonarsa ta Kademi a Gaya ko ta Toranke a Ajingi. A sittin ɗin ne ma'aikacin gwamnati ke ajiye aiki, in bai riga ya cika shekara 35 yana yi ba. A nan ne kuma jiki ke fara kawo ƙara: hawan jini, ciwon suga, yanar ido, ciwon gwiwa, fitsarin da ba ya fita sai da ƙyar. Waɗannan ba irin zazzaɓin damina ba ne da ake sha wa magani kwana uku a miƙe. Cututtuka ne masu zama, maganinsu kullum, kuɗinsu duk wata.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gaya ta Jihar Kano mutum kimanin dubu 201, ta Ajingi kuwa kimanin dubu 174, kuma kowace na da mazaɓu goma. Galibin mutanen manoma ne, babu albashi balle fansho. Idan ciwo ya kwantar da tsoho, hanyar sananniya ce. A fara da kemis, a je asibitin mazaɓa, a wuce babban asibitin Gaya, in abin ya faskara a bi ta Wudil zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a birni. Kowane mataki da abin da yake ci: yau akuya, gobe buhun geron da aka ajiye don tsakiyar damina, jibi a jinginar da gona. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa cikin kowace Naira 100 da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya, fiye da 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa take fita.

Wannan ramin ne katin lafiya na gwamnati ya zo cikewa. Amma sau da yawa, kafin a kai ga maganar fom da hoto da lambar katin ɗan ƙasa, sai ɗan da ya kawo zancen ya ci karo da tambayar mahaifinsa: "To, wannan abin ba inshora ba ce? Ai mun ji malamai sun ce haramun ce." Wata tsohuwar kuma tata damuwar daban ce. A ganinta, yanka katin ciwo alhali mutum yana ƙalau kamar yi wa kai fatan ciwon ne, Allah kuwa shi ne mai magani.

Bai kamata a yi wa tambayar dariya ba, domin tana da asali a littattafai. Malamin fiƙihu na farko da aka san ya yi magana a kan inshora shi ne Ibn Abidin na Dimashƙa, Bahanife, wanda ya rasu a 1836. A zamaninsa fatake kan ɗora kaya a jiragen ruwan Turawa, su biya wani kuɗi ga wanda ya ɗau alkawarin biyan su idan kayan sun nutse ko sun ƙone. Ibn Abidin ya ce bai halatta bafatake ya karɓi wannan diyya ba, domin an ɗora wa mutum abin da shari'a ba ta ɗora masa ba. Da kamfanonin inshora suka cika ƙasashen Musulmi a ƙarni na ashirin, sai malamai suka jero illoli uku. Akwai garari, wato cinikin abin da ba a san tabbas ɗinsa ba: ka biya, ba ka san ko za ka karɓa ba, ba ka san nawa ba, ba ka san yaushe ba. Akwai kama da caca, tunda ribar ɗaya asarar ɗayan ce. Akwai kuma riba, domin kuɗi ne ake bayarwa a karɓi kuɗin da ya fi shi bayan wani lokaci.

Ba duka malamai suka tafi a kan haka ba. A wani taron fiƙihu da aka yi a Dimashƙa a 1961, Shehu Mustafa al-Zarƙa ya tsaya kai da fata cewa tsarin inshora halal ne, abin da ake saya kwanciyar hankali ce, kuma mai biya yana samun ta tun ranar da ya biya. Shehu Muhammad Abu Zahra na Masar ya ja da shi. Amma abin da ya fi shafar tsohon Gafasa ko na Shagogo shi ne inda ɓangarorin biyu suka haɗu. A 1965, taron malaman Azhar a Alƙahira ya halatta inshorar taimakon juna, ya kuma halatta fansho da sauran tsare-tsaren kariya da gwamnati ke gudanarwa. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta raba tsakanin inshorar kasuwanci da ta taimakon juna a 1977, ta hana ta farko ta halatta ta biyu. A Disambar 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke irin wannan hukunci a Jidda. Ashe abin da tsoho ya ji a wa'azi gaskiya ne, sai dai rabin maganar ya ji.

Ɗaya rabin kuwa a gidan Malikiyya yake, mazhabar da aka karantar a zaurukan Gaya tun kaka da kakanni. Imam al-Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya bayyana a littafinsa al-Furuƙ cewa Imam Malik ya bambanta ciniki da kyauta. A ciniki kowa ya ba da nasa ne don ya karɓi na wani, saboda haka rashin tabbas na iya cinye haƙƙin ɗaya daga cikinsu. A kyauta da sadaka ba haka ba ne. Ba ya halatta mutum ya sayar da raƙuminsa da ya ɓace, amma ya halatta ya ba da shi kyauta. In wanda aka ba ya gan shi, ya samu, in bai gan shi ba, bai yi asarar komai ba. A kan wannan ƙa'ida ce malamin Sudan, Siddiƙ al-Darir, wanda ya rubuta babban littafi kan garari, ya taimaka aka gina kamfanin takaful, wato inshorar taimakon juna, na farko a duniya a Khartum a 1979. Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful nata a 2013.

Idan an fahimci wannan, sai a ga abin da asusun lafiya yake. Kowa ya zuba nasa ne da niyyar duk wanda ciwo ya kama a cikinsu a yi masa magani. Ya yi kama da adashi ta fuskar zubi, amma ya saɓa masa ta fuskar kwasa: a adashi kowa na ɗokin ranar kwasarsa, a nan kuwa wanda shekara ta zagayo bai kwasa ba shi ne ya ci riba, domin lafiya ya samu, kuɗinsa kuma sun yi wa wani jinya. Hadisin da malamai suka fi kafa hujja da shi yana cikin Buhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara ɗan abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai. Babu shakka wani ya zuba da yawa ya ɗauki kaɗan, wani ya zuba kaɗan ya ɗauki da yawa, amma yabo suka samu.

Mai kaifin tunani zai iya cewa, to ina kyauta a kuɗin da ake yanka daga albashi ba da shawarar mai shi ba? Tambaya ce mai nauyi, musamman tunda dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta mai da inshorar lafiya tilas a kan kowane ɗan ƙasa. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce shari'a da kanta ta san taimakon juna na dole. Diyyar kisan kuskure dangin mai laifi ne ke haɗa ta, ko sun so ko ba su so ba. Da Sayyidina Umar ya kafa rajistar masu karɓar albashi daga baitulmali, sai ya mayar da wannan nauyi kan waɗanda suke rajista ɗaya, ana cira daga rabonsu cikin shekara uku. Ma'aikacin ƙaramar hukumar Ajingi da ke ganin an zabge wani abu a takardar albashinsa da sunan lafiya bai yi nisa da wannan tsari ba.

Da Jihar Kano ta kafa tata hukumar a 2016, zamanin Gwamna Ganduje, ta kauce wa sunan inshora, ta kira ta hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda aka fi sani da KSCHMA. Tun daga sunan ta ɗau alkawarin cewa asusun na taimakon juna ne, ba na neman riba ba.

Maganar tawakkali kuwa ba ta da tsawo. Tirmizi ya ruwaito cewa an umarci mai raƙuma ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma bayyana wa masu mamaki cewa wanda ya guji wata ƙaddara cikin wata ƙaddarar yake tafiya. Manomin da ke cika rumbu da kaka bai yi wa kansa fatan yunwa ba, kuma babu malamin da ya taɓa zargin sa da raunin imani.

Sai dai halaccin nan da sharaɗi ya zo, kuma a nan ne ainihin tambayar addinin take a yau. In dalilin halatta asusun shi ne kasancewarsa kyautar jama'a ga marasa lafiyarsu, to wanda ke riƙe da shi ba mai shi ba ne, ɗan amana ne. Ranar da kuɗin suka daina isa ga majiyyaci, rashin tabbas ɗin da aka kore daga takardar yarjejeniya ya dawo ta tagar ɗakin magani.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, kimanin Naira biliyan 55. Wani kaso na zuwa kai tsaye ga asibitocin mazaɓu don gyara da kayan aiki, da burin kowace mazaɓa ta samu guda ɗaya mai aiki, Kano kuwa mazaɓu 484 gare ta. Wani kason ana biya wa masu rauni kuɗin kati da shi ta hannun hukumomin jihohi: mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu buƙata ta musamman, matalauta, da tsofaffi. Dokar 2022 ta ƙara da wani asusu na musamman don irin waɗannan mutane, aka ce miliyan 83 ake hari. Shi wannan katin kyauta ne, tsoho ba ya biyan ko sisi, sai dai gurbin ba ya isar kowa.

Asibitin da aka rubuta sunan mutum a cikinsa yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane suna, ko mai sunan ya zo ko bai zo ba. Hikimar ita ce kuɗin masu lafiya su ɗauki nauyin marasa lafiya. Amma a duba abin da hakan ke haifarwa. Tsohon da aka rubuta sunansa a wani asibiti mai nisa, ko wanda ba a taɓa sanar da shi cewa sunansa ya fito ba, ana karɓar kuɗi da sunansa shi kuwa yana gida yana jiƙa saiwa. Tsohuwa mai hawan jini da suga kuma, wadda dole ta zo duk wata, tana cin abin da ya fi wanda aka biya a kanta. A tsarin tarayya, wannan kuɗi ya yi shekaru fiye da goma a tsaye a kan Naira 750, har zuwa 2024, alhali farashin magani ya yi tashin gwauron zabo bayan faɗuwar darajar Naira a 2023. Daga nan ne ake samun jumlar da masu kati a faɗin ƙasar nan suka haddace: "Baba, wannan babu shi a nan, sai dai a saya a waje." Wani lokaci gaskiya ce tsagwaronta, domin kuɗin ba su iso ba. Wani lokaci kuma Allah kaɗai ya san gaskiyar.

Ba Nijeriya kaɗai ba ce. Senegal ta ayyana magani kyauta ga duk wanda ya kai sittin a 2006, zamanin Abdoulaye Wade, amma bashin da asibitoci suka riƙa bin gwamnati ya sa wasunsu suka fara ja da baya. Ghana ta yafe wa 'yan shekara saba'in zuwa sama kuɗin zubi a tsarinta na 2003, ita ma ta sha fama da jinkirin biyan asibitoci. A Amurka, inda aka kafa shirin tsofaffi na Medicare a 1965, har lokaci aka ware duk shekara, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, don tsoho ya sake duba tsarinsa ya canza in bai yi masa ba. Mutumin Ajingi ba shi da tsare-tsare barkatai da zai zaɓa a ciki, amma yana da abin dubawa, kuma duba ɗin ba a kan tsohon ya kamata ya faɗa ba.

A kan 'ya'yansa yake. Duk wanda ya karanta Risala ya san ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, kuma a Malikiyya 'ya mace mai hali ma ba ta fita ba. Katin gwamnati bai sauke wannan nauyi ba, ya sauya masa kama ne kawai. Da can nauyin shi ne a sayar da akuya ranar da ciwo ya zo. Yanzu ya haɗa da a zauna tun ana ƙalau a ga ko sunan da ke katin ya dace da na katin ɗan ƙasa, domin Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa a mai da mutum gida. Shekarun ma abin lura ne: mutanen da ke lissafin haihuwarsu da shekarar da aka tuɓe Sarki Sanusi na Ɗaya ko shekarar canjin kuɗi, sau da yawa mai cike fom ne ya yanka musu shekaru da ka, kuma tsohuwa 'yar saba'in na iya zama 'yar hamsin da biyar a kwamfuta, ta rasa gurbinta. Sai a tambaya wane asibiti aka rubuta, kuma ko babur na iya kai tsoho can a watan Agusta. A tambayi likitan, a cikin ladabi amma a fili, ko maganin hawan jini da na suga suna cikin abin da katin ya ɗauka, kuma in aikin ido ko na gwaiwa ya taso, wa ke ba da takardar turawa babban asibiti, domin wanda ya tsallake ya tafi ba takarda yakan biya da aljihunsa. Mutanen gabashin Gaya da Ajingi da Jigawa ta fi musu kusa su tambaya ko katin Kano na aiki a Dutse kafin su ɗauki hanya.

Akwai wani gurbi da ɗan boko ma'aikaci kan faɗa ba tare da ya lura ba. Tsarin ma'aikatan tarayya da aka ƙaddamar a 2005 ya ɗauki iyali a matsayin ma'aikaci, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa da uba ba sa ciki sai an biya musu daban. Wannan ba fasalin gidan Bahaushe ba ne, inda ɗakin Inna ke tsakiyar gida. Sai ka ga mutum yana Abuja da katinsa da na 'ya'yansa, mahaifiyarsa kuwa tana Gamarya tana raba ƙwayar magani biyu don ta kai ta ƙarshen wata. Shi kansa ma'aikacin, shekaru da dama tsarin kan sake shi ne ranar da ya yi ritaya, daidai lokacin da ya fi buƙatarsa.

Tsofaffin mata sun fi shiga tsaka mai wuya, kuma fiƙihu na da hannu a ciki. A Muhtasar na Shehu Halil, kuɗin magani da na ƙaho ba sa cikin abin da aka wajabta wa miji. Malaman da suka rubuta haka sun rayu a zamanin da magani bai da tabbas, kuma ba a ɗauke shi a matsayin abin da rai ya dogara da shi ba. Malaman wannan zamani irin su Wahba al-Zuhaili sun ce lamarin ya canza, magani yanzu tamkar abinci ne, saboda haka ya shiga cikin ciyarwa. Wannan ra'ayin ya fi dacewa da hankali da kuma manufar shari'a. Mai gidan da ya yi wa kansa rajista ya bar uwargidan da suka yi shekara arba'in tare, yana fakewa da Muhtasar, ya karanta lafazin ne ya bar dalilin.

Nauyi mafi girma dai yana kan hukuma. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Haraj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sannan ya umarci ma'ajin baitulmali ya kula da shi da ire-irensa, domin ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Manomin da ya yi shekara hamsin yana ciyar da birni da geronsa da gyaɗarsa ba alfarma yake nema ba idan ya miƙa kati aka ba shi magani. Saboda haka ɗan siyasar da ya cusa sunayen magoya bayansa masu jini a jika a gurbin tsofaffi, da jami'in da ya riƙe kuɗin asibiti wata da watanni, da ma'aikacin da ya karkatar da maganin masu kati zuwa kemis ɗinsa, duk dukiyar raunana suka ci. Limaman Juma'a na masarautar Gaya, wadda tun 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, za su fi amfanar jama'a in suka rage lokacin da ake ɓatawa kan ko inshora halal ce, suka tambayi kwamitin raya kowace mazaɓa sunayen tsofaffi nawa ke cikin rajistarta, kuma nawa ne daga cikinsu suka san da haka.

Waɗanda gurbin kyauta bai kai gare su ba, akwai hanyar biya musu kuɗin shekara, kuma a nan masu hali ke da abin yi. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, manoman yankin kuma na fitar da zakkar hatsi duk kaka. Malamai sun yi saɓani kan zuba zakka kai tsaye a asusu, domin da yawansu na sharɗanta a mallaka wa matalaucin abin a hannunsa. Mafitar ba ta da wuya: a ba tsohon kuɗin su zama nasa, in ya yarda ya wakilta wani ya yi masa rajista da su, in kuma ya ce hatsi ya fi buƙata, haƙƙinsa ne. Hubusi da sadaka ba su da wannan sharaɗi, don haka attajirin da ya tsayar da hayar shago ɗaya a kasuwar Gaya don sabunta katin tsofaffin unguwarsu duk shekara, babu malamin Malikiyya da zai ce masa ya saɓa.